Kwanon Ƙarshe a Jerena

Roni,
9 ga Maris, 1977

Zuwa ga yayata Rahamatu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, da Malam da yara, da aikinki na asibiti a Kano.

Bayan haka, Yaya, ni dai ba lafiya. Mako uku ke nan jikina yana ƙaiƙayi har tafin ƙafa, na yi susa har na fitar da jini. Idona ya yi launin ɗorawa. Surukata Inna Dela ta ce shawara ce, kullum sai na shanye ƙwarya guda ta jiƙon rawaya tana tsaye a kaina.

Ƙwayoyin tazarar haihuwa da kika ba ni ina nan ina sha. Suna cikin kwanon ƙarshe a jerena. Kin ji abin da likita ya ce ranar da na haifi Ma'u: in na sake ɗaukar ciki nan kusa, da wuya in tashi. Maigidana Lauwali bai san ina sha ba.

Taki,
Tasalla

Roni,
21 ga Maris, 1977

Yaya Rahamatu,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Jiya aka kai ni asibiti a Kazaure. Likita ya duba jinina, ya ce ruwan matsarmama ne ya taru a ciki, hanta ta kasa fitar da shi. Ya tambaye ni ko ina shan wani magani. Ga Inna, ga Lauwali a tsaye. Na ce rawaya kaɗai. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce akwai ƙwayar da ke jawo wa wasu mata haka, kuma dole mai shanta ta bari.

Yaya, tsoro nake ji. In na bari, ciki. In na ci gaba, hanta. Gaba kura, baya sayaki. Don Allah ki ba Sama'ilu direba amsa.

Taki,
Tasalla

Roni,
2 ga Afrilu, 1977

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Kafin takardarki ta iso, na buɗe kwanon nan na tarar wayam. Na bubbuɗe sauran kwanonin duka, babu. Da la'asar Lauwali ya dawo daga Kazaure da ƙwayoyin a aljihu, ya kai wa likita ya gani. Na durƙusa ina jiran saki.

Bai ko ɗaga murya ba. Ya ce shi ma ya ga jinin da na zubar a haihuwar Ma'u. Ya kwashe tabarmarsa ya koma zaure, sai mun zo Kano an samo mini wata dabara. Tunda na bar shan ƙwayar, ƙaiƙayin ya ragu. Inna tana ta yi wa maƙwabta kurin rawayarta, tana kuma tambayata me na yi wa ɗanta.

Ashe tun bara ya sani, Yaya. Ya ce kwanon jere ba a buɗe shi kullum da asuba. Shekara guda ina lallaɓa murfin nan don kada ya ji, shi kuma yana kwance ya rufe ido don kada in san ya ji.

Ki gaida Malam. Ki saurare mu ran Asabar.

Ƙanwarki,
Tasalla