Inna, Sun Sake Rubuta Sunan Wani

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa. Na san ba a kai wasiƙa inda kike. Na rubuta ne a nan inda jama'a ke karantawa, domin maganar taki ce, amma akwai waɗanda nake so su ji ta, kuma sun san kansu.

Bari in fara da abin da kika riga kika sani, saboda masu leƙe. A aji uku na sakandare karatuna ya tsaya, ba wanda ya ce min koma. Da ƙafata na bar Funtuwa na je Kaduna na koyi bugun ƙarfe da fentin mota, ba kawu ba ɗan uwa. Gudumata ce ta kai ni Legas, daga Legas na iso Landan ba wanda ya tarbe ni a filin jirgi. Na wanke motocin mutane cikin sanyin da ke hana yatsu lanƙwasuwa. Yau ina da garejina a Deptford, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, makullinsa na aljihuna. Ina da gidan zama, flat, a Thamesmead, na sauke farali, na rufa miki ɗaki da kwano kafin Allah Ya karɓe ki. Ban da Allah, babu wanda zai bugi ƙirji ya ce shi ya ɗaga ni.

To, Inna, mutumin da ya yi wannan duka, shi ne aka ɗauki aikin hannunsa aka liƙa wa sunan wani.

Akwai bikin da Turawa ke yi a ƙarshen Oktoba, lokacin da ganye ke zuba, suna ce masa Halowin. Yara su yi shigar dodanni da fatalwa su bi gidaje ana ba su alawa. A samu kabewa lafiyayya a ƙwaƙule cikinta, a yanka mata ido da haƙora, a ajiye a bakin ƙofa har ta ruɓe. Da kin gani da kin yi salati, kabewar da za ta yi miyar taushe ta gida biyu. Ni tun zuwana ban yarda da bikin ba. Duk wanda ya rufe fuska ya ƙwanƙwasa min ƙofa, sai na san ko ɗan wane ne kafin in buɗe.

Bana sai kwamitin unguwarmu ya ce yara ba za su bi gidaje ba. Za a taru da la'asar a filin ajiye motoci, kowa ya yi wa motarsa kwalliya ya buɗe but, wurin kaya na baya, yara su zaga su karɓi alawa, kuma shigar kowa ta zama ta harkar mota. Motar da ta fi, za a sassaƙa sunan mai ita a allon ƙarfe a rataye a zauren taron unguwa. Takwararki Ummi, autarmu, ita ta shigo min da takardar. Shekararta tara, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take mayar min da amsa. Kwana uku tana bina. Na ce na yarda, amma ba fatalwa, ba jini, ba ƙashin mutum. Ta ce to me zai tsorata mutane? Na ce mata ai ba ta taɓa ganin motar katako ta gangaro daga kan tudu ba birki ba.

Mako uku na yi ina aikin, duk Lahadi da duk sanda gareji ya yi sauƙi. Farar motar da nake ɗaukar kaya da ita na yi wa bodin katako da falanki marar nauyi. Na shafe shi da kore da ja da ruwan ɗorawa. Gefe ɗaya na zana dawisu, ɗaya gefen zaki. Fitilun gaba na zagaye su da jan fenti kamar idon direban da ya taso daga Legas bai tsaya ba. Na yanka soso na yi rago na ɗaure a sama, tare da tsohon keke da buhunan da na cusa wa takardu. A goshin motar na rubuta "Sannu ba ta hana zuwa", a baya kuma da manyan baƙaƙe, "BA BIRKI". Ummi ta zama kwandasta, na yi mata wejin tare taya na soso ta saɓa a kafaɗa. Ni kuwa na yi shigar direba: rigar da baƙin mai ya cinye, tawul a wuya, hula a karkace, goro a kunci. Surukarki Hajara ta ce ita ba za ta yi shigar kowa ba, amma ta dafa alawar madara da gullisuwa, ta soya cincin cikin roba biyu.

Yanzu ki saurara da kyau, don nan ne maganar take. Muna da maƙwabci, Dokta Nasiru, likita ne a wani asibiti wajen Marylebone. Cikin makonnin nan uku, sau uku ya zo garejina, wai tayarsa na rage iska. Na duba taya, lafiyarta ƙalau. Amma kowane zuwa sai ya zaga bayan motar katakon, yana cewa, "Mai-gareji, wannan hannu naka sai Allah," yana ɗaukar hoto da waya. Mutumin da ke wuce gareji huɗu kafin ya iso nawa. Kin sha gaya min, "Mai yawan yabon tuwonka, duba hannunsa ko ya wanke." Na tuna, amma na bar shi ya ci gaba da ɗaukar hotonsa.

Ranar biki filin ya cika. Dokta ya liƙa wa bonet ɗin motarsa haƙoran kwali, ya yafa mata yanar gizo-gizo ta kanti, aikin minti goma. Wata 'yar Gana ta yi shigar danja, ja a kai, kore a gwiwa. Tagwayen wasu Yarabawa suka shiga kwali ɗaya suka zama jar bas mai hawa biyu, ɗaya na ja gabas ɗaya na ja yamma. Wani ɗan jarida ɗan Nijar ya sa kayan masu liƙa takardar tara a gilashin mota, kuma wallahi shi kaɗai ya tsorata manya, sai da mutum biyu suka ruga wajen motocinsu.

Sai na shigo, na danna ham. Inna, filin nan ya juyo gaba ɗaya. Dattawan da suka baro gida da daɗewa suka taso suna dariya suna karanta rubutun baya. Wata tsohuwa ta dafa katakon, ta daɗe ba ta ɗauke hannu ba. Ummi ta diro ta cusa weji ƙarƙashin taya tana ihu, "Funtuwa, Funtuwa, saura mutum ɗaya!" Ranar na fara jin yarinyar nan ta ɗaga murya da Hausa a gaban mutane. Na juya na gyara tawul don kada a ga idona.

Bayan kwana biyu aka saka sakamako a dandalin unguwa na waya. Ga motata a hoto. Ga Dokta a tsaye cikin doguwar kwat, ya dafa ƙofarta kamar shi ya haife ta. Ga ni a can gefe, an yanke rabin kafaɗata. A ƙasa aka rubuta cewa motar Dokta Nasiru da iyalinsa ce ta zo ta ɗaya. Mutane suka yi ta yi masa barka. Kwana ɗaya da wuni bai ce uffan ba. Sai daga baya ya kira ni, wai yana aiki bai duba waya ba, wai kuskure ne, zai gaya wa Madam Shila, Baturiyar da ke shugabantar kwamitin. Kuskure! Na zauna na haɗa komai: zuwa uku, hotuna, tayar da ba ta da ciwo, da tsayuwar da ya yi daidai lokacin da aka ɗaga kyamara. Na ce wannan shiri ne, kuma na faɗa wa duk wanda ya shigo gareji.

Kwana uku ban ci abincin kirki ba. A na huɗu Hajara ta ajiye min tuwo, ta zauna nesa kaɗan, ta ce akwai abin da ban sani ba. Ashe ranar bikin Madam Shila ta zo wajen motar da takarda da biro, ta same ta tana raba gullisuwa, ta tambaye ta motar wa ce. Hajara ta ce ta maigidanta ce. Madam ta ce mene ne sunansa. Hajara ta yi murmushi ta ja mayafi ta rufe baki, ta nuna da haɓa inda nake tsaye, kuma a lokacin ni da Dokta ne a wurin. Baturiya ta duba, ta ga mutum ɗaya cikin kwat wanda ta sani, ta ga ɗaya cikin rigar baƙin mai da tawul yana tauna goro. Ta ɗauka direban da aka ɗauko haya ne. Shigar da na yi ta yi kyau har ta cinye ni.

Na ce wa Hajara me ya hana ta buɗe baki ta faɗa. Ta dube ni ta ce, "Shekara ashirin da biyu ban kama sunanka a cikin ɗaki ba, sai a filin mota a gaban Baturiya?"

Inna, a nan ke na gani zaune a wurin.

Kin tuna ranar da kika kai ni firamare? Baba na gona, ke kika riƙe hannuna. Hedimasta ya buɗe rajista ya ce sunan yaro da na ubansa. Ni ɗan fari, shi kuma mijinki. Kika sunkuyar da kai kina kallon ƙasa kamar an zubar da allura. Ya sake tambaya, kika yi shiru. Wata mai sayar da ƙosai a bakin taga ta ce ai yaron gidan su Ilu ne, shi ke nan aka rubuta kawu Ilu a matsayin ubana. Da sunan nan na gama firamare, da shi na shiga sakandare. Sai da na girma na je kotu da kaina na yi rantsuwa aka gyara. Shekaru na yi ina riƙe da wannan a zuciya. Ban taɓa gaya miki ba, amma na sha cewa a raina, wace irin uwa ce za ta bari a ba wa wani ɗanta a takarda saboda kunya?

Har kika koma ga Allah ban ji sunana a bakinki ba. "Kai wannan." "Ina yaron nan?" Ranar da zan tafi Kaduna kika raka ni tasha, kika tsaya gaban wata motar katako mai dawisu a gefe, kika ce wa direban, "Ga nawa nan, ka sauke min shi lafiya." Sai da nake zana dawisun nan a Deptford na gane daga ina hannuna ya ɗauko shi.

Kuma ga abin da ya fi ba ni kunya. Da na gama faɗa da Hajara na ƙwala wa yarinyar kira ta kawo min ruwa, na ji da kunnena abin da na ce. Ummi. Shekara tara ban taɓa kiranta da sunan da aka raɗa mata ba, domin naki ne, kuma harshena ba zai iya ɗaukarsa ba. Ashe abin da na riƙe ki da shi, ni ma shi nake yi kullum safiya. Wanda ya fi ƙarfin a kama sunansa, shi ake ɓoyewa. Ki yafe min, Inna. Na daɗe ban gane ba.

Amma kada masu karatu su ce na wanke Dokta. Hajara ta bayyana yadda biro ya yi kuskure, ba ta bayyana min taya mai lafiya da ke rage iska sau uku ba. Ba ta bayyana min yadda mutum zai ga ana yi masa barka a kan abin da bai buga ƙusa ɗaya a ciki ba, ya yi kwana da wuni yana aiki. Ya ce ya aika wa Madam Shila saƙo. Na ce ya nuna min, ya ce zai turo. Har yanzu yana turowa. Ranar Juma'a za a kai allon wajen mai sassaƙa, kuma abin da aka sassaƙa a ƙarfe ba a zuwa kotu a gyara shi, ni na san ƙarfe. Ummi ta riga ta gaya wa 'yan ajinsu za ta kai su zauren su ga sunan babanta. Ba zan bari ta tsaya gaban allon nan ta karanta sunan maƙwabci ba, kamar yadda na tsaya gaban rajista ina amsa sunan kawu.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya haskaka makwancinki, Ya yalwata shi, Ya saka miki da Aljanna a kan kowane shiru da kika yi saboda ni. Ya jiƙan Baba. Ya shirya mana takwararki, Ya bar Hajara da kunyarta, ba zan sake neman ta sauke ta ba. Idan na zalunci Dokta da zato, Allah Ya yafe min. Idan kuma ban zalunce shi ba, Allah Ya gani.

Ke ba ki faɗa ba, matata ba za ta faɗa ba, kuma na daina jin haushin ku. Saboda haka ni zan faɗa da bakina. Ku 'yan kwamiti, da duk ɗan unguwar da zai kai wa Madam Shila wannan takarda ya fassara mata, ku ɗauki biro. Ba Mai-gareji ba, ba maigidan Hajara ba, ba yaron gidan su Ilu ba. A rubuta shi cikakke, harafi bayan harafi, kafin Juma'a.

Naki, wanda kika ce a sauke miki lafiya,

Muhammadu Lawal Tanimu