Yinin Da Na Yi A Taragon Sualehe

Luxembourg, watan Janairu.

Zuwa ga yayana Atumane, a Angoche.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da duk mutanen gida. Yaya gwiwar taka? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kana shan maganin ba ajiye shi kake yi a kan taga ba. Allah ya sa ruwan bana ya sauka lami lafiya ba tare da guguwa ba, ya tsare jiragenka da masuntanka a cikin teku. Ni dai na iso wurin 'yata Ancha lafiya. Ta samu ƙarfin jiki, jaririn kuma sai barci da tsotso, ga hanci irin na gidanmu kamar an ciro an manna masa. Mijinta yana gaishe ka. Sanyi kuwa ba a magana. Ku kuna can kuna fifita, ni ina nan na ɗaura zani a kan wando, na ɗora rigar sanyi a kan duka, har Ancha na cewa na zama buhun kwakwa.

Yaya, na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira, domin na lura duk ranar da sunan ɗanka Sualehe ya fito a waya, nan take layin Angoche yake lalacewa, ka ce ba ka ji na. Takarda ba ta da wannan ciwon. Ka daure ka karanta har ƙarshe.

Ka san jirginmu ya sauka Lisbon da sassafe, na gaba kuma sai bayan la'asar. Abin da ban gaya maka ba shi ne na sanar da Sualehe tun daga Maputo. Ina fitowa na gan shi tsaye cikin kayan aiki, riƙe da wata babbar riga da ya aro mini. Ya yi jiki, ya ajiye gemu, amma tsayuwar taka ce sak, har da karkatar da kai. Ya durƙusa zai gaishe ni a gaban Turawa, na ɗago shi. Ya ce in gafarce shi, ya nemi hutun ranar bai samu ba, abokan aikinsa da yawa mura ta kwantar da su. Sai dai in ba zan ji kunya ba, yana da mota mai taga ko'ina wadda take zagaya gari, kuma direban ɗana ne. Na ce masa ni da na sha hawa bayan motar kifi zuwa Nampula, wace kunya ta rage mini?

Haka na yi yawon Lisbon, zaune a kujerar da ke bayan direba cikin ƙaramin taragon lantarki mai ruwan ɗorawa. Ana yayyafi, tagogi sun yi raɓa, ina gogewa da bakin zani ina leƙe. Garin duk tudu ne da gangare. Lunguna ƙanana, har akwai inda na ga kamar in na miƙa hannu zan ɗauko wandon wani daga igiyar shanya. In muka hau tudu sai kogin ya bayyana can ƙasa, fari fat kamar faranti, sai kuma gidaje su sake rufe shi. A wani gangaren na rufe ido ina salati, shi kuwa ko a jikinsa, hannu ɗaya a kan birki yana gaisawa da mai shagon da muka wuce.

A wata tasha ya tsaya ya daɗe, fasinjoji suka fara gunaguni. Ashe wata tsohuwa yake jira, Dona Graciete, tana tafe da sanda da jakar kabeji. Tana hawowa, maimakon godiya, sai ta ce da shi wai Likita yau ma ya makara, ita da tana da ƙafa biyu masu kyau da tuni ta riga wannan akwalar tasa isa. Ya ce mata ai saboda ita akwalar take nishi, kabejin ya yi nauyi. Da ya ce mata ni gwaggonsa ce, sai ta matsa kusa da ni ta kama hannuna, ta ce in gaya wa mutanen gida su yi masa aure, don ita ta gaji da yi masa tayin jikokinta yana noƙewa. Na tambaye ta me ya sa take ce masa Likita. Ta ce duk layin haka suke kiran sa, tun da suka ji ya taɓa karatun asibiti ya gudu. Na dubi ƙeyarsa. Bai juyo ba, sai dai ya buga ƙararrawa alhali babu kowa a kan hanya.

Da rana ya samu hutun cin abinci. Muka sauka a wani fili inda tattabaru suka fi mutane yawa, na hangi wani yana gasa wasu 'ya'yan itace yana kiran kastanya, kastanya, sunan da muke kiran kashu da shi a gida. Na ce yau ga kashun gida har Turai, a saya mini. Da na ɓare sai na ga wani abu daban, ɗanɗanonsa kamar dankalin da bai gama yanke shawara ba. Sualehe ya yi dariya har da riƙe ciki, irin dariyar da rabona da jin ta tun yana yaro. Na dai riƙe ƙunshin don ɗumin hannu. Muka yi azahar a wani ƙaramin masallaci a ƙarƙashin bene, sannan ya kai ni gidan abincin wata mata 'yar ƙasarmu, mutuniyar Quelimane. Ta kawo tuwon masara da miyar ganyen rogo mai kwakwa da gyaɗa. Na ce mata miyar ta yi, amma ganyen ya sha ƙanƙara. Ta ce in ina da bishiyar rogo a jaka in fito da ita.

A kan wannan tuwon ne na yi masa tambayar da kai ba ka taɓa yi masa ba. Na ce Sualehe, me ya raba ka da karatu? Ya ajiye lomar da ya ɗauka. Ya ce Gwaggo, ba wasa ba ne kuma ba mace ba ce, kamar yadda Baba yake zato. Ya ce lokacin da mahaifiyarsa Atija take kwance, duk kiran da ya yi kana ce masa tana kasuwa ko tana barci, sai da ya gama jarrabawa ka gaya masa ta rasu har an yi bakwai. Ya ce ya san don kada hankalinsa ya tashi ka yi haka, kuma bai taɓa riƙe ka da mugunta ba. Amma da ya koma asibiti, duk matar da ya gani a kan gado sai ya ga ita ce, hannunsa ya kama rawa har ba ya iya riƙe allura. Ya daure shekara guda, abin sai gaba yake. Ranar da ya kira ka don ya yi bayani, kana jin ya ce ya bari ka ce ba ka da ɗa a Lisbon, ka kashe waya. Ya faɗi wannan duka a hankali, ba kuka ba ɗaga murya. Ni ce ma na jiƙe gefen mayafina, mai abincin ta zo tana tambaya ko barkono ne ya yi yawa.

Ban rubuto don in ɗora maka laifi ba, Yaya. Na ga irin wahalar da ka sha a kan karatun yaron nan, na kuma ga yadda rasuwar Atija ta karya ka, ko da yake ba ka yarda kowa ya gani ba. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Amma gani ya kori ji: ɗanka bai lalace ba. Yana sallarsa, yana cin guminsa, yana kai mutane gidajensu lafiya cikin ruwa da sanyi. Tambayoyinsa duk a kanka suke: ko har yanzu kana fita teku da kanka, ko an gyara rufin ɗakin baya, wa yake share kabarin mahaifiyarsa.

Bayan cin abinci wani abokin aikinsa ya karɓi taragon don Sualehe ya samu ya raka ni. Ruwan ya ɗauke, rana ta ɗan leƙo ba zafi. Muka tsaya bakin kogi kaɗan, ya nuna mini inda ruwan yake buɗewa ya shiga teku, ya ce wani lokaci yakan zo nan don warin ya yi kama da na gida in ruwa ya janye. Daga nan muka wuce filin jirgi. Sai da muka kai inda ba a barin mai rakiya ya wuce, na cire rigar aron na miƙa masa, sannan ya yi maganar da na san tun safe take bakinsa. Ya ce yana da hutu bayan azumi, kuma yana so ya zo ya ga kabarin. Ya ce Gwaggo, in na tsaya a ƙofar gida na yi sallama, Baba zai amsa?

Yaya, ban ce masa bari in tambaye ka ba. Na ce masa zai amsa, har tabarma zai shimfiɗa maka da hannunsa. Na faɗa da bakinka, ba da izininka ba, kuma ya yarda da ni, don na ga yadda kafaɗunsa suka sauka. Tun muna yara ba ka taɓa bari na ji kunya a gaban mutane ba. Kada ka fara yanzu da muka yi furfura, ka mai da ni maƙaryaciya a wurin ɗanka.

Ka gaishe mini da Inna Muaziza, ka ce mata man zafin da ta yi saƙo yana nan tafe. Ka gai da Ussene da matarsa da yara, da Abudo, da maƙwabciyarmu Fatuma mai gishiri. Ancha tana gaishe ku baki ɗaya, tana neman addu'arka ga jariri. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya jiƙan Atija da iyayenmu, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,

Muanacha.