Ratsin Jakin Dawa a Lafayar Amarya

Daren Asabar, Jega

Ban taɓa faɗa ma kowa ba: na daina mafarkin samarin cikin littattafaina, kyamarar Yaya Nura nake mafarki. Yau kuwa na riƙe ta!

Biki muka je Aliero. Namiji ba ya shiga wurin mata, sai Yaya ya miƙo mini ita da ɗan allonta. Ya ce, "In kin ga ratsin jakin dawa a allo, haske ya yi yawa, wurin zai fito fari fat. Kika ɓata mini aiki, ke da ita har abada."

Aka zaunar da amarya cikin rana, farar lafayarta duk ratsi. Na rage haske, na kunna launukan da ke auna haske a allo in duba fuskarta. Sai kakarta ta leƙo, ta ga fuskar shuɗiya a allo, alamar ta yi duhu.

"Subhanallahi! Ke ɗiya, mi kika shafa ma jikata?"

Mata suka kwashe da dariya. Ni da ko gaisuwa ba a jin muryata, sai na ji ina cewa, "Inna, rana ce. A mai da ita gindin darbejiya."

Aka mayar. Ratsin ya ɓace, har adon zaren lafayar ya fito.

A mota Yaya ya duba abin da na ɗauka, ya ce: "Akwai wani bikin a Maiyama ran Juma'a, in za ki. Amma ke za ki tambayi Baba."

Da safe in na kai ma Baba kunu, zan tambaye shi da bakina.