Sakan na Talatin da Biyu

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ki gaishe mini da Mama da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba. Na ɗauki takarda ne saboda sau uku ina kiran ki, da kin ɗauka sai maganar ta maƙale mini, in ƙare da tambayar lafiyar yara. Direban motar Asabar zai kawo miki.

Maganar kwamfutar hannun nan ce da na aiko wa Baba don atisayen numfashi, mai da'irar da ke kumbura tana motsewa. Likita ya ce ya ja iska sakan huɗu, ya saki sakan shida. Tunda idonsa ya yi rauni, sai na sa ƙararrawa biyu: siririya tana nufin ya ja, mai kauri tana nufin ya saki.

Ki daure in yi miki bayani. A irin aikinmu akwatuna ake jerawa a kan allo, a haɗa su da layi. Akwai lamba da ke hawa daga sifili zuwa ɗari, ta sauko, ta sake hawa. Ita ce girman da'irar. Wani akwati yana riƙe lambar da ta wuce yanzu-yanzu, wani ya debe ta daga sabuwar. In abin da ya saura ya haura sifili, hawa ake. In ya gaza, sauka ake. Duk sanda hawa ya koma sauka, ko sauka ta koma hawa, ƙararrawa ta buga.

Ranar Laraba na ɗauko wannan haɗin zan yi amfani da shi a wani aikin ofis. Oga ta tsaya a bayana da kofin shayinta. Na kai hannu zan rufe, ta ce, "Ina saurin? Bar shi ya ci gaba." A sakan na talatin da biyu ƙararrawa ta buga sau biyu a jere. Ashe agogon da ke tura lambar yana komawa farko duk bayan sakan talatin da biyu, ni kuma ban daidaita shi da sakan goman numfashi ba. Lambar tana kan hamsin, tsakiyar jan iska, sai ta faɗo sifili lokaci guda. Akwatin ya ɗauka sauka ce, ya buga mai kauri, nan take ya ga hawa, ya buga siririya. Da na gwada kafin in aiko, numfashi uku kawai na kalla. Sakan talatin.

Yaya, minti goma sha biyar yake yi, safe da yamma. Sau ashirin da takwas ke nan a kowane zama nake ce wa mai ciwon huhu ya saki iskar da bai gama ja ba. Wata bakwai.

Ki gaya mini gaskiya: yana bin ta? Yana sarƙewa da tari in ta buga? Kada ki sassauta mini.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, yara na gaishe ka. Takardarka ta iso, na karanta ta a tsaye, na koma na zauna na sake karantawa. Akwatunanka ban gane su duka ba, amma bugu biyun nan na san shi. Keken ɗinkina na jikin bangon ɗakin Baba, ni ma na sha shi wata bakwai.

Tun ranar farko ya gano. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Kin ji? Auta ya yi tuntuɓe." Ya yi dariya har sai da na kawo masa ruwa. Na ce bari in kira ka ka gyara, ya ce in na kuskura ni da shi ne. Wai kana tsakiyar neman aiki, kuma ya san halinka, in ka ji sai ka daina cin abinci. Bai taɓa bin ta ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kanikanci, da ya saurari inji sai ya faɗi ciwonsa kafin a buɗe, ƙararrawarka ce za ta ruɗe shi? Ya san bayan numfashi uku take zuwa, sai ya bar ta ta wuce. A watan ƙarshe kuwa ko sakan biyu ba ya iya ja, kunna ta kawai yake sa a yi. Likita ya ce huhun ya ƙare tun kafin ka gama makaranta. To ka ajiye lissafin nan.

In laifi kake nema, ga shi: wata bakwai ba ka zo ba. Sai ka kira ka ce, "Yana atisayen?" Kowace Asabar in ya ji tsayuwar mota sai ya gyara zama.

Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka taɓa abin nan. Kullum da safe Mama na kunna kwamfutar in za ta share ɗakinsa. In bugu biyun ya zo sai ta dakata da tsintsiya, ta ce abin da yake cewa, da irin muryarsa. Nan ne kawai nake ganin haƙoranta.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaida Mama. Takardarki ta same ni yau Alhamis, ƙarfe goma da kwata.

Na riga na taɓa. Ranar Talata da azahar na mai da agogon sakan goma daidai, na kuma ƙara akwatin da zai ƙyale duk faɗuwar da ta wuce kima a taki ɗaya, kada ya ɗauke ta sauka. Na gwada awa guda cur, bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Sai na tura. Kwamfutar tana karɓar gyara da kanta in ta samu intanet, haka na tsara ta tun farko don kada in wahalar da ku. Na duba, ta karɓa jiya da ƙarfe bakwai saura minti huɗu na safe.

Ban yi tunanin akwai mai kunna ta ba. Na kasa zama ne alhali na san kuskuren yana nan a ɗakinsa.

Zan iya mayar da shi yadda yake cikin minti ɗaya, lamba ɗaya ce da akwati ɗaya. Ki ce in tura.

Maganar Asabar ɗin nan kuwa, gaskiyarki ce. Ina jin tsoron ganin sa a rame, sai na riƙa aiko da abin da na iya.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ai mun gani kafin ka faɗa.

Ranar Laraba Mama ta kunna, ta fara shara daga bakin gado kamar kullum. Numfashi uku suka wuce, ta dakata da tsintsiya. Shiru. Ta tsaya a haka, a duƙe, har wasu ukun suka wuce. Ta kira ni ta ce ko caji ne, na ce a cike take. Ta zauna a bakin gadon ta saurara har minti goma sha biyar ɗin suka ƙare, tsaf, babu tangarɗa. Sannan ta naɗe kwamfutar a ɗankwali ta sa a ƙasan durowa.

Da takardarka ta zo na karanta mata, har inda ka ce za ka iya mayarwa. Ta ce, "A'a. Wancan bugun, Malam ya ji shi da kunnensa. Wanda za a yi yanzu da gangan ne, bai san shi ba."

Ba ta yi fushi da kai ba, ni ce na yi, kuma ya fara sauka. Amma ta daina shiga ɗakin, ni nake sharewa. Na cire intanet ɗin. Kada ka sake turo mana komai daga nesa.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Oga ta ba ni kwana huɗu. Ina cikin motar Asabar mai zuwa, in Allah ya yarda, za ta iso wajen ƙarfe biyu. Kwamfutata na bar ta a ofis.

Kada ki share ɗakin ranar. Ki ajiye mini tsintsiya. In Mama ta yarda ta zauna a bakin ƙofa, ina so ta nuna mini daga inda ake farawa.

Ƙaninki,
Auta