Darasina ne zai kori amalanken yayana daga hanyar kasuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dai na gaji.

Ni malama ce a jami'a, ina koyar da tsarin sufuri a birane. Kullum ina gaya wa ɗalibaina mai tafiya a ƙafa shi ne farko, sai mai keke da amalanke, sai bas, motar mutum ɗaya ita ce ƙarshe. Bana na kai su Gidan Rumji ranar kasuwa su gani da idonsu, suka zana tsari mai kyau, a fitar da kamiyo, wato manyan motocin kaya, daga hanyar kasuwa, a ware wa amalanke gefensu.

To yanzu da sojoji za su miƙa mulki, wani mai takarar magajin garin Gidan Rumji ya samu aikin ɗaliban, ya juya shi. Kamiyo na manyan 'yan kasuwa ne, bai taɓa su ba, sai ya shiga rediyo yana cewa amalanken jakuna zai kora, wai 'yar garin nan malamar jami'a ce ta ce su ke tare hanya. Wallahi ban faɗa ba.

Yayana kuwa da amalanke yake ci da iyalinsa, yana ɗauko gero daga wajen Sae Sabuwa. Tun ina 'yar lakol, in na dawo hutun makaranta, shi ke tarbata a tasha, don rairayin ƙauyenmu mota ba ta iya shi. Wannan zuwan ma ya zo, ya shimfiɗa min tabarma kamar kullum, amma har muka isa bai yi min tsiyar da ya saba ba. Na yi bayani har bakina ya bushe. Da zan sauka ya ce, "Sauka lafiya, Malama." Mutumin da Auta yake ce min tun ina goye.

Abokan aiki sun ce in yi shiru, in mutumin ya ci zaɓe ta hannunsa kaɗai gyaran zai bi, in na ƙaryata shi wahalar yaran nan ta tashi a banza. Inna kuma ta ce in je rediyon in wanke yayana a gaban masu amalanke, don sun daina zama da shi.

Ya zan yi, jama'a? Hutu ya kusa, kuma ban san wa zai tarbe ni a tasha ba.