Kwalbar da Goggo Tani Ta Ce Ki Kurɓa

Zuwa ga Baraka, sanyin idanuna, inuwata a tsakar ranar bazara, tauraruwar unguwar Kambarawa,

Sallama daga wanda ya kasa ɗaga kai. Da wace fuska zan dube ki?

Kin tuna yammacin da kika dawo daga karatun da kika tafi tun shekarar da soja suka koma bariki? A zaurenku kika ɗora mini 'yar kwalba a tafin hannu. Kika ce abin da ke ciki wani gishiri ne mai zama ruwa, ba ya ƙafewa, a cikinsa kika dafa ƙwayoyin da ido ba ya gani. Ƙanana su ba da kore, in sun daɗe kan wuta su girma su koma ja. Kika haska ta da fitilarki mai shuɗin haske, sai ga kore shar kamar gero bayan ruwan farko! Kika ce kyauta ce, aikin hannunki, amma kada ta kusanci baki, akwai guba a ciki.

Jiya Goggo Tani, yayar mahaifina, ta tsinci kwalbar ƙarƙashin matashina. Kwalba daga hannun budurwa, ruwan da ba ya bushewa: ta ce asiri ne, mallake ni kika yi. Ta sa aka kira ki har gidanmu na Ƙofar Durbi, ta ce in ba asiri ba ne ki kurɓa a gaban kowa. Kika ƙi, dole ki ƙi! Kika waiwayo kina jiran bakina. Ni da na san dalili, ni mai cika baki a majalisa, na sunkuyar da kai ina tsinkar gefen tabarma. Wayyo ni! Kunyar Goggo ta hana ni magana, yau kunyarki ta hana ni haɗiyar ruwa.

Yanzu ana batun a fasa sa mana rana. Da safen nan na durƙusa gaban Baba da Goggo, na faɗi duk abin da ya kamata in faɗa jiya. Goggo ta ce ga shi nan, asirin ne ke magana.

Rabin raina, ba na roƙon ki zo ki wanke kanki, ba ki da datti. Roƙona ki bar ni in zo zaurenku in ba mahaifinki haƙuri da bakin nan da ya yi shiru. Kwalbar kuwa na karɓe ta a gaban Goggo, na maida ita ƙarƙashin matashina.

Naki har ranar da za a rufe ni, ko kin yafe ko ba ki yafe ba,
Sammani