A Mayar Mana Da Zaman Karatunmu Na Bayan La'asar

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwalejinmu da ke Lafiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ranka ya daɗe, na rubuto maka a fili ne domin sau uku ina zuwa ofishinka, kullum sakatare yana ce mini ka tafi Jos.

Sunana Asabe Umaru, mutuniyar Keana. Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyarwa a firamare kafin in sami izinin zuwa ƙarin karatu. Da na shigo aji sai na tarar Turancin malamai ya fi ƙarfin kunnena. Zangon farko darasi uku na faɗi. Har na ɗaure kayana zan koma in taya mahaifiyata dafa gishiri, sai Malam Ishaku, mai koya mana lissafi, ya haɗa mu, mu tara da muka faɗi, ya ce mu riƙa zama bayan la'asar a gindin mangwaron da ke bayan laburare. A cikinmu akwai Alago, da Eggon, da Tibi, da Gwandara, da Bafulatani ɗaya. Duk wanda ya gane darasi sai ya maimaita wa saura da Hausarmu ta kasuwa har kowa ya kama. Zangon da ya biyo baya babu wanda ya faɗi a cikinmu.

Ga abin da ya kawo ni.

Na farko. Mako shida ke nan da aka liƙa takarda mai sa hannunka a allon sanarwa, cewa an hana taron ɗalibai da ya wuce mutum uku, saboda 'yan ƙungiyar asiri. Washegari masu gadi biyu suka same mu muna tsakiyar lissafi. Suka rubuta sunayenmu, suka ƙwace littafin da muke tara tambayoyin jarrabawar baya. Na tambayi babbansu laifinmu, ya ce shi dai suna aka ce ya kawo. Har yau littafin bai dawo ba, kuma ba mu san a teburin wa sunayenmu suke ba.

Na biyu. An cire Malam Ishaku daga ajinmu ba tare da bayani ba. Da na gamu da shi a bakin ƙofar makaranta na gaishe shi, ya amsa yana tafiya yana waiwaye.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Ranka ya daɗe, waɗanda aka kafa dokar nan dominsu ba sa zama a gindin bishiya da littafi a hannu. Bibbiyu suke yawo, saboda haka dokarka ba ta taɓa su ba. Mu ta tarwatsa. Su kuwa ɗalibin da ke zaune shi kaɗai, jarrabawa na ba shi tsoro, shi suke nema. Sai su yi masa alkawarin tambayoyin jarrabawa, su ce kuma babu mai taɓa shi.

Bafulatanin da na ambata, Jibrin sunansa, daga wajen Arikya. Shi ne na farko a gidansu da ya wuce sakandare. Lokacin da muke tare ya fi kowa surutu, shi ke warware mana lissafin da ya gagara. Bayan an raba mu na fara ganinsa a wurin mai shayi, biyu daga cikin 'yan ƙungiyar asirin sun sa shi a tsakiya. Makon jiya ya shigo aji da tsumma ɗaure a hannun hagu, idonsa a ƙasa. Na tambaye shi abin da ya same shi. Ya ce in daina tambayarsa, kuma kada in ƙara gaishe shi a gaban mutane, don amfanin kaina. Kwana biyu bayan haka Talatu, ɗaya daga cikinmu da ta roƙe shi ya rabu da su, ta buɗe littafinta ta tarar da 'yar takarda. Babu komai a kai sai lambar ɗakinta. Ranar ta hau motar garinsu Obi, ba ta dawo ba.

Saura mako uku jarrabawa. Mu bakwai da muka rage, kowa yana karatu a ɓoye kamar mai laifi, kuma na ga mutanen nan sun fara tsayawa da wani daga cikinmu.

Ina roƙonka ka ba mu izini a rubuce mu koma zamanmu, ko da za ka sa mai gadi ya zauna ya ji abin da muke karantawa. A dawo mana da littafinmu da malaminmu. A aika Obi a kira Talatu, a ba ta tabbacin tsaro. Jibrin kuma ka kira shi da kanka, ba don kora ba, tun ana iya janyo shi.

Mahaifinsa yakan shigo gari ranar kasuwa. Ya taɓa samunmu muna karatu, ya ce mini tunda ni ce babba ya bar mini amanar ɗansa. Jibi zai zo, kuma ni zai fara nema. Ban san abin da zan gaya masa ba.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare maka naka 'ya'yan daga irin abin da nake gani.

Wassalam.

Asabe Umaru,
ɗalibar aji biyu.